Shekarar da na hana wasa a mangazata

Shekarun baya, bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi, gyaɗa kuma ta kuturce mana a gona, na bar harkar gyaɗa na koma wake. Lokacin ban fi shekara talatin da ƴan kai ba. Duk abin da na tara tun ina ɗan dako, har da wata saniya ɗaya da ta rage wa mahaifiyata, na juye shi a kan wake da kaka. Ina bin kasuwannin Dungass da Dogo-Dogo da Mallawa, wani lokaci har Waca, in auna tiya-tiya, a ɗora wa jakai a kawo mini Magaria. Niyyata in ajiye shi har bazara, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, masu neman iri suka fito, ƴan Najeriya kuma suka fara ƙetaro iyaka da kamiyo, manyan motocin kaya. In waken ya kai bazara lafiya, na zama mutum. In bai kai ba, na koma ɗaukar buhun wani a ka.

Mangazar tawa ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, da fili a gabansa, da wata tsamiya a tsakiyar filin. Ma'aikata kuwa ban zaɓe su ba, fari ne ya turo mini su. Akwai ƴan unguwarmu, akwai Buzaye biyu da ke ɗaukar kaya, akwai mata masu sheƙa da tankaɗe a ƙarƙashin taubashiyata, ɗiyar gwaggona, wadda ta girme ni da shekara biyu kuma ba ta taɓa bari na manta da haka ba. Sai mutum biyu da wannan labari yake kansu. Ɗaya Bafulatani ne dogo, siriri, wanda shanunsa suka mutu ɗaya bayan ɗaya a kan idonsa, ya shigo gari da sandarsa kaɗai. Ɗayan Babarbare ne daga gabas, gajere mai faɗin ƙirji, da can fatauci na kanwa yake yi da takarkarai. Shi ke ɗinkin buhu.

Kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun ranar farko, kafin su san sunan juna, suka fara.

"Ina kwana, bawana," in ji Babarbaren. "Ka share mini wurin zama?"

"Wa ya koya wa bawa gaisuwa a tsaye? Durƙusa."

"Ku dubi ƙafafunsa, jama'a, kamar karan dawa. Maigida, kada ka ɗora masa buhu, zai karye in rasa mai ɗebo mini ruwa."

"Maigida, ka yi haƙuri da shi. Kanwa ce ta cinye masa basira tun yana yaro."

Haka ake yini. Mata na sheƙa suna dariya, Buzaye na gyara rawani don su ɓoye tasu. Aiki kuma yana tafiya, ba zan yi musu ƙarya ba. Akwai ranar da Bafulatanin ya ɗaga wani buhu ya ce ɗinkin nan ko ɗan akuya ya yi tari zai kwance, Babarbaren ya ji haushi ya ƙirƙiro wani ɗinki mai ninki biyu wanda har yau da shi ake ɗinki a wurina. A lokacin ban ga alaƙar tsokanar da ɗinkin ba. Ni dai na ga ɗinki ya yi kyau, na ɗauka iya shugabancina ne.

Abin da ya ɓata lamarin ya faru ne da sanyi. Wani babban Alhaji daga ƙetaren iyaka ya zo ganin kayana, mutumin da na daɗe ina neman ya san da ni. Na shimfiɗa masa tabarma, na sa an kawo fura. Muna cikin magana sai ga Bafulatanin yana zagaye tsamiya a guje yana bin Babarbaren. Ashe Babarbaren ya ɗauke masa sanda ya ɗinke ta cikin buhu. Kafin in buɗe baki, Bafulatanin ya gano buhun ya farke shi, wake ya malalo har ƙarƙashin takalmin Alhaji. Alhaji ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, nan mangaza ce ko dandali?"

Yanzu da na tsufa na san mutumin nishaɗi kawai ya ji. Amma a ranar maganar ta soke ni. Ni na tashi ne a wurin awon gyaɗa, ƙarƙashin wani Nasara da in ya buga ƙarfe kowa ya kama aiki, in ya sake bugawa kowa ya ajiye, ba mai cewa uffan. A raina wannan shi ne aiki na manya. Washegari na samo tsohon ƙarfen ƙafar kamiyo na rataye a tsamiya, na tara kowa, na kafa doka. Ba wasa a bakin aiki. Bafulatani ya koma cikin mangaza yana jera buhuna, Babarbare ya zauna can bakin ƙofar fili da allurarsa. Buzaye gefe, ƴan unguwa gefe, mata bayan ɗaki. Abincin rana da ake ci tare a inuwar tsamiya, na ce kowane rukuni ya ci a inda yake. Wanda ke da magana ya zo ya same ni ni kaɗai.

Ba wanda ya musa, don kowa na bukatar aikin. Taubashiyata ce kawai ta ƙame ta sara mini kamar soja ta ce, "An ji, Kumandan wake." Sunan ya bi ni shekaru.

Fili ya yi tsit. Ina zaune a rumfata ba na jin komai sai ƙarar faifai da numfashin masu ɗaukar kaya, ina jin daɗi. Har na riƙa fatan Alhajin nan ya dawo ya gani.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Bafulatanin ya fito daga mangaza ya zo ya tsaya bakin rumfata, ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa. Na ce, "Mene ne?" Ya ce, "Lafiya lau, maigida." Na ce, "To in lafiya lau ce, ba a buga ƙarfe ba tukuna." Ya juya ya koma. Bayan kwana uku ya sake zuwa, muka sake yin haka.

Da zafi ya fara shigowa, wata rana taubashiyata ta shigo rumfata ba sallama, ta kama hannun rigata ta ja ni har cikin mangaza, can ƙurya inda buhunan farko suke. Ta ce, "Sa kunnenka." Na kara kunne a jikin buhu. Na ji wani ƙas-ƙas-ƙas, siriri, kamar ana yayyafi a kan busasshen ganye. Buhun da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ta zare allura daga ɗankwalinta ta farke bakin, na tura hannu, na fito da wake duk huji, da gari, da ƙwari suna bin yatsuna. Muka bi layin nan muna saurare. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kayana yana waƙa.

Na fito na daka wa Bafulatanin tsawa a gaban kowa, na ce shi da ke kwana yana tashi da buhunan nan, kurma ne ko makaho? Ya dubi ƙasa.

Taubashiyata ta bari sai da muka koma rumfa, sannan ta zauna a kan tabarmata ta miƙe ƙafa.

"Kai dai tun kana tsirara ba ka da wayo," ta ce. "Sau nawa mutumin nan ya zo ya tsaya maka a nan?"

"Na tambaye shi, ya ce lafiya lau."

"Ka taɓa ganin Bafulatani ya dubi idon mai ciyar da shi ya ce masa dukiyarka na lalacewa? Kunya za ta bar shi? Da can, da ya ji motsin farko, sai ya leƙo ya ce wa Babarbaren, bawana, buhunan da ka ɗinka sun fara kiɗan biki. Kowa ya yi dariya, kai ma ka ji, ka tashi ka duba. Hanyarsa ke nan ta faɗa maka magana. Ka toshe ta, ka rataya ƙarfe."

Na ce wannan ba lokacin tsokana ba ne. Ta ce ita ma ba tsokana take yi ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarmu da ta faɗa mini haka.

Na yi abin da na sani. Na je biron noma, ofishin malaman gona, neman hodar ƙwari, aka ce ta ƙare sai an aiko daga Zinder, ba a san ranar ba. Muka fitar da waken muka shanya a rana, aka tankaɗe, aka mayar cikin buhu. Bayan kwanaki waƙar ta dawo, har ta haura zuwa sababbin buhuna. In na sayar a lokacin, kasuwa cike take da wake, mai huji kuwa sai dai a ba jakai. Lokacin masu neman iri kuwa da saura wata biyu da wani abu. Na daina cin abincin kirki. Mahaifiyata ba ta taɓa tambayata saniyarta ba, wannan shirun nata ya fi komai ci mini rai.

Ranar wata Laraba na dawo daga kasuwa da azahar na tarar ba ƙarfe a tsamiya. Taubashiyata ta sauke shi, ta kifa shi a kan duwatsu ta ɗora babbar tukunya a kai. Waken nan mai huji ta wanke ta dafa da kanwa da man gyaɗa da yaji, ta juye a manyan akusa biyu, ta kira kowa inuwar tsamiya, maza gefe guda, mata gefe guda, kamar da.

"Zauna, Kumandan," ta ce. "Dukiyarka ce, gara ka ci rabonka kafin ƙwari su gama."

Na zauna. Aka sa hannu ana ci. Kowa na satar kallona. Na gane jira suke, kuma ni ban iya ba da haƙuri ba a wancan zamani. Abin da ya zo bakina shi ne, na dubi Babarbaren na ce, "Malam, wai haka kake riƙon bawanka? Dubi yadda ya rame."

Babarbaren ya tsaya da loma a hannu. Ya dube ni, ya dubi Bafulatanin. Sai ya ce a hankali, "Maigida, ai hana ni dukansa ka yi. Bafulatani in ba a zage shi da safe ba, abinci ba ya kama jikinsa."

Wani Buzu ya ƙware da dariya. Bafulatanin bai ɗago ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya gama taunawa, ya ce wa akushi, "Wata biyu ke nan buhunan wani bawa suna kiɗa, na rasa wanda zan gaya wa ya zo ya yi rawa."

Wannan maganar da ni yake, kowa ya sani. Na haɗiye ta tare da waken.

Daga nan bakinsu ya buɗe, kamar an cire toshiyar rijiya. Babarbaren ya ce laifin na mutanen yamma ne da ke ajiye hatsi a buhu kamar tufafi. Su a garinsu rami suke haƙawa, su zuba gero, su bi shi da yashi mai laushi har ya cike kowane gurbi, ƙwaro ya rasa wurin juyawa.

"Shi ya sa haƙoranku suka ƙare," in ji Bafulatanin. "Kuna binne abinci kamar gawa, ku tono ku ci da ƙasa."

"To kai me ka sani ban da bin wutsiyar saniya?"

"Na san in tsohuwata ta zuba wake na iri a tulu, ta liƙe bakin da laka da kashin shanu, ko iska ba ta shiga. Da damina a fasa, ƙwarin duk sun mutu."

"Tulu. Ku ji shi. Maigida na da kaya cike da ɗaki, bawana na maganar tulu. Tulu nawa za ka gina, mai ƙafar kara?"

"Ka ba ni wannan tanon da kake wanka a ciki sau ɗaya a shekara, in nuna maka."

Ana ta dariya, ni kuwa na daina tauna. Tano, wato gangunan ƙarfen nan na mai da kananzir, a lokacin suna nan zube a bayan gidajen masu sayar da mai a bakin iyaka. Na ce, "Ku tsaya. In aka zuba wake a tano aka liƙe, zai yi?"

Bafulatanin, har yanzu Babarbaren yake kallo, ya ce tulun tsohuwarsa in bai cika ba ƙwarin ba sa mutuwa, sai ya cika har wuya. Babarbaren ya buga cinya ya ce to ai nan yashinsa ya shigo, a cika tano a girgiza, a bi saman da yashi tankaɗaɗɗe har ba sauran wurin numfashi, sannan bawansa ya zo da kashin shanunsa, tunda abin da ya gada ke nan. Taubashiyata daga gefen mata ta ce ba mai zuba mata wake a tano mai warin kananzir, sai an ƙona cikinsa an wanke da toka da kanwa. Ɗaya daga cikin Buzayen, wanda ban taɓa jin ya haɗa jimla biyu ba, ya ce a ɗaure bakin da ɗanyar fata kafin a shafa laka, in ta bushe za ta kame kamar bakin salka.

Ba wanda ya taɓa ganin an yi haka a cikinmu. Kowa gutsure ɗaya ya sani. Ni abin da na iya shi ne yanke shawara da nemo kaya, sai na yi nawa. Kwana huɗu ina bin ƙauyukan iyaka ina tattaro tano a kan amalanke. Waɗanda na samu ba su isa ba, sauran waken muka gina masa rumbun ƙasa biyu muka yi musu irin wannan liƙi. Muka sake shanya waken a rana mai zafi, mata suka tsince wanda ya lalace, aka cika, aka girgiza, aka liƙe. Mako guda ana wannan aiki, ana zagin juna tun safe har la'asar, kuma ban taɓa ganin aiki ya yi sauri haka ba. Hannun Bafulatanin duk kashin shanu, yana bin Babarbaren wai zai shafa masa turaren Fulani.

Sai jira. Kullum da safe nakan zaga in kara kunne a jikin kowane tano. Kwanakin farko ina jin motsi kaɗan-kaɗan. Wata safiya na saurara ban ji komai ba. Ban yarda ba, na kira Bafulatanin. Ya kara kunnensa ya daɗe, ya ɗago, a karo na farko ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Makaɗan sun tashi, maigida."

Da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas muka fasa tano ɗaya a gaban kowa. Aka kwashe yashin sama, na tura hannu har gwiwar hannu. Wake ya fito fari, mai sanyi, mai nauyi, ƙwarin da ke ciki sun bushe. Rumbu ɗaya ya tsage ta baya ba mu lura ba, wannan mun yi asararsa. Sauran duk ya kai. Masu neman iri suka yi layi, Alhajin nan ma ya dawo da kamiyo biyu. Ya tarar ana kokawa a kan hula a gindin tsamiya, ya ce, "Har yanzu dandalin na nan?" Na ce, "Yana nan, Alhaji. Shi ya tsare maka waken." Na mayar wa mahaifiyata saniya, da maraƙi a gefenta.

Bafulatanin bai daɗe ba bayan haka. Da ciyawa ta fito, ya sayi karsana biyu da abin da ya samu, ya zo ya tsaya bakin rumfata yana murza gefen riga. Wannan karon na san yadda ake yi. Na kira Babarbaren na ce ya tambayi bawansa me yake so. Ya ce, "Wai daji ke kiransa, maigida. Ka san dabba ba ta zaman gari." Na roƙi Bafulatanin ya zauna, na ce zan ɗora shi a kan mangaza gaba ɗaya. Ya yi godiya, ya ce shanu ba sa cin wake a tano.

Babarbaren ya raka shi har bayan gari, yana zaginsa tun daga ƙofar fili, muna jiyo muryarsa har ta ɓace. Da ya dawo ya zauna a gindin tsamiya da allura a hannu, bai ɗinka buhu ko ɗaya ba ranar, bai kuma ci abinci ba.

Ya zauna tare da ni shekaru masu yawa, a hannuna ya rasu. Bayan rasuwar da wata biyar, ina zaune sai ga wani dogon tsoho da sanda a kafaɗa ya shigo fili. Labari ya same shi a can arewa, ya taho a ƙasa. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, na yi masa. Ya je ya tsaya inda Babarbaren ke zama, ya daɗe. Sannan ya ce, "Bawan nan ya tafi bai nemi izinina ba." Ya jawo malfarsa ya rufe fuska. Ban sake ganinsa ba.

Yau ina da mangaza ta siminti, da buhuna na zamani masu leda a ciki, da ma'aikata da suka yi lakkwal, wato boko, daga ƙabilu fiye da na wancan lokaci. Yaran kirki ne. Amma duk abin da na faɗa sai su ce, "Haka ne, Alhaji." Wani lokaci da gangan nakan faɗi abin da na san ba daidai ba ne don in ga ko wani zai tanka, sai in ji, "Haka ne, Alhaji." Taubashiyata da za ta ce mini tun ina tsirara ba ni da wayo, ita ma ta riga mu.

Abin da na riƙe daga wannan shekara kaɗan ne. Kowane mutum da ƙofar da maganarsa ke fitowa, wani ta gaba, wani ta gefe, wani sai ta bakin abokin wasansa. In ka tara mutane iri-iri ka ce duk su bi ƙofa ɗaya, taka, za ka samu shiru, kuma shiru ba ya gaya maka abin da ke cin buhunka. Shi ya sa har yau abincin rana a wurina tare ake ci, kuma ba a buga ƙarfe.

Tsamiyar tana nan, na hana a sare ta lokacin gini. Da azahar nakan sa a kai mini kujera gindinta. Yaran suna tsammanin iska nake sha. Ni kuwa kunne nake kasawa, ko zan ji wani ya leƙo daga ƙofar mangaza ya ce, bawana, zo ka ji abin da ka ɗinka.